Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Tor Ke Ƙin Tashi a Kwamfutata?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ɗauko yau, kuma duka a kan Tor suke, wato manhajar ɓoye sawu a intanet.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce: "Kwamfutata Ubuntu ce. Na girka Tor, amma duk lokacin da na rubuta umarnin tayar da shi sai ya ƙi, ya rubuto mini 'Address already in use' tare da lamba 9050. Na cire na sake girkawa har sau uku, ba ta canja zani ba. Ko an toshe ni ne?"

To ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu wanda ya toshe ka. Matsalar a cikin ɗakinka take. Ka ɗauki kwamfutarka tamkar gida mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta, daga 0 har zuwa 65535. Su ne masu harkar kwamfuta ke kira port a Turance, mu a nan ƙofa za mu riƙa cewa. Duk manhajar da ke jiran saƙo sai ta kama ƙofa guda ta zauna a bakinta, kuma a adireshi ɗaya ƙofa ɗaya ba ta ɗaukar masu gadi biyu. Wanda ya riga zuwa shi ke da ita. Tor ya saba zama a ƙofa ta 9050, saƙon da ka gani kuwa ma'anarsa wani ya riga shi zama a wurin.

Wane ne wannan wani? Mafi yawan lokuta Tor ɗin ne da kansa. A Ubuntu da Debian, waɗanda tsare-tsaren gudanar da kwamfuta ne na Linux, da zarar ka girka shi sai ya tashi a bayan fage ba tare da ya tambaye ka ba, kuma duk sanda ka kunna kwamfutar zai sake tashi. Kai kuma ka zo kana ƙoƙarin tayar da na biyu. Shi ya sa cirewa da sake girkawa bai yi maka amfani ba, don kowace girkawa tana sake zaunar da na farkon a bakin ƙofar.

Amma kada ka yi aiki da zato, ka duba da idonka. Buɗe wurin rubuta umarni ka sa sudo ss -ltnp, za ka ga jerin ƙofofin da ke buɗe da sunan manhajar da ke riƙe da kowace. Nemi 9050. In ka ga Tor ne, to aikinka ya riga ya kammala, yi amfani da shi kawai. In kuma lallai kana son ka tayar da naka da hannu, tsayar da na bayan fagen da sudo systemctl stop tor. Idan wata manhaja ce daban da ba za ka iya rabuwa da ita ba, buɗe fayil ɗin saitin Tor mai suna torrc, ka nemi layin SocksPort, ka ba shi wata lamba da babu kowa a kanta, misali 9060. Ka guji lambobin da ke ƙasa da 1024, waɗannan sai da izinin mai gudanar da kwamfutar. Sannan duk manhajar da ke bi ta Tor sai ka gaya mata sabuwar lambar, in ba haka ba za ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

A nan zan ja kunnenka, don na sha ganin mutane suna kwafo gyara daga intanet ba su san abin da yake yi ba. Adireshin 127.0.0.1 da kake gani kusa da lambar yana nufin kwamfutarka ita kaɗai. Idan wani ya ce ka mayar da shi 0.0.0.0 don matsalar ta wuce, kada ka yarda. Yin haka buɗe ƙofar ne ga duk wanda kuke kan Wi-Fi ɗaya da shi, a makaranta ko a shagon intanet, ya riƙa wucewa ta na'urarka.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai gyaran waya da kwamfuta ce a Kaduna. Ya ce yana da Tor Browser, wato burauzar da ke zuwa da nata Tor ɗin a ciki, a Windows kuma yana aiki lafiya lau, amma da ya sa 9050 a saitin furoksi na Telegram, wato inda ake gaya masa ya bi ta wata manhaja kafin ya fita intanet, sai ya ƙi haɗuwa.

Malam, kai ba karo ka samu ba, ƙofar da babu kowa ka ƙwanƙwasa. Tor Browser ba ya zama a 9050. Masu haɗa shi sun ba shi 9150, da 9151 ta sarrafawa, da gangan don kada ya yi karo da Tor na bayan fage mai amfani da 9050 da 9051. Sa 127.0.0.1 da 9150, ka zaɓi SOCKS5, kuma ka bar burauzar a buɗe, don da ka rufe ta ƙofar ma ta rufe. In kana son ganin wa ke riƙe da wata ƙofa a Windows, rubuta netstat -ano, lambar da ke ƙarshen layin ita ce shaidar manhajar, sai ka nemo ta a Task Manager. Tunda sana'arka ce, riƙe waɗannan manhajojin furoksi ma: Privoxy a 8118 yake zama, Squid kuma a 3128.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce a Maraɗi. Ta ce a wayarta ta Android, in ta kunna Orbot, manhajar Tor ta waya, sai VPN ɗinta ya mutu, in ta kunna VPN sai Orbot ya tsaya.

Hajiya, wannan ba rikicin ƙofa ba ne, tsarin Android ne haka: VPN ɗaya tak yake bari ya yi aiki a lokaci guda, Orbot kuma in kin sa shi ya ɗauki duk zirga-zirgar wayar, a matsayin VPN yake aiki. Sauya lamba ba zai gyara ba, sai dai ki zaɓi ɗaya. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne tsakanin mutuwar wannan da tashin wancan, wayarki kai tsaye take fita intanet da adireshinta na gaskiya, ke kuwa kina ganin a rufe kike. Idan akwai dalilin da ya sa kike ɓoye sawunki, aikin jarida ne ko wani abin da ya shafi lafiyarki, shiga saitin VPN na wayar, ki kunna zaɓin da ke barin sa a kunne kullum, tare da wanda ke hana fita intanet in babu shi. Kuma kafin ki fara kowane aiki, buɗe check.torproject.org, shafin zai gaya miki ko da gaske ta Tor kike fita.

Lokacinmu ya ƙare a nan. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, kuma don Allah ku riƙa rubuto saƙon kuskuren yadda ya fito a allo, har da lambobinsa, don da su muke gane inda matsalar take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.