Laccar tsofaffin finafinan yaƙi: waɗanda gwamnatoci suka ji tsoro

Assalamu alaikum jama'a, malam shugaban taro na gode da wannan dama. Toh, an ce in yi magana a kan tsofaffin finafinan yaƙi da dalilin da zai sa mutum ya ɓata awa biyu ko uku yana kallonsu, alhali ga sababbi nan masu kala da ƙarar bam kamar a cikin ɗakinka ake tayarwa. Yawancinmu da akta da bos muka saba, akta ya kashe mutum ɗari shi ko ƙwarzane babu, a ƙarshe ya gama da bos kowa ya tashi. Ni ba waɗannan na zo da su ba. Ma'aunina ɗaya ne, in kana son sanin fim ɗin yaƙi na gaske, duba wanda wata gwamnati ta hana a nuna shi.

Bari mu fara da rigimar 1930. All Quiet on the Western Front fim ne na Amurka a kan yaran Jamus da malaminsu ya zuga suka tafi yaƙin duniya na ɗaya suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da aka kai shi Berlin sai mutanen Goebbels, jigon 'yan Nazi na Hitler, suka shiga sinima suka saki ɓeraye, aka watse, daga baya aka haramta shi. Haka Paths of Glory na Stanley Kubrick, 1957, inda janar-janar na Faransa suka tura soja harin da ba zai yiwu ba sannan suka zaɓi mutum uku suka harbe wai matsorata ne, Faransa bata ganshi a sinima ba sai 1975.

Amma wanda kuka fi sani shine na Umar Mukhtar, Lion of the Desert, na Moustapha Akkad, wanda ya yi Ar-Risala. Anthony Quinn ne ya fito a matsayin dattijon, malamin allo ɗan ɗariƙar Sanusiyya da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Kafin nan ma ya zauna a Chadi lokacin da Sanusiyya ke fafatawa da Faransawa, kunga ba baƙonmu bane sosai. Kowa na tuna inda mayaƙan suke ɗaure ƙafafunsu da igiya dan kada su gudu in tankoki sun taso. Ni kuwa abinda yafi tsaya min shine Janar Graziani, kwamandan sojan Italiya, mutum ne mai tsafta da lissafi, yana zaune gaban taswira yana tsara yadda za a ja waya mai ƙaya a iyakar Masar a kwashe ƙauyawa a zuba a sansani, ba ihu ba zare ido. Italiya ta hana fim ɗin a 1982 wai ya taɓa mutuncin sojanta, sai 2009 aka nuna shi a talabijin ɗinsu. Sai dai gaskiya da kuɗin gwamnatin Gaddafi aka yi shi, kuma ana gani, ɓangaren mujahidai kusan babu mai laifi ko ɗaya.

Shi yasa nake fifita The Battle of Algiers, 1966, baƙi da fari, na darakta ɗan Italiya Gillo Pontecorvo. A cikin lungunan Kasba na birnin Aljiyas aka ɗauke shi, shekara uku kacal bayan 'yancin kan Aljeriya na 1962, kuma kusan duk 'yan wasan mutanen gari ne, ƙwararre ɗaya ne Jean Martin wanda ya fito a Kanar Mathieu. Saadi Yacef ma da ya jagoranci mayaƙan FLN, ƙungiyar da ta yaƙi Faransa dan 'yancin Aljeriya, a birnin da gaske, shima ya fito a ciki. Akwai wurin da mata uku suka cire lulluɓi suka gyara gashi irin na Turawa dan su wuce shingen soja da bam a jaka. Ɗayarsu ta shiga shagon shan kofi ta tura jakar ƙarƙashin kantar shagon, sai kyamara ta bi fuskokin mutanen dake wurin ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramin yaro yana lasar askirim. Kana goyon bayan Aljeriya amma wallahi sai cikinka ya juya. Kuma fim ɗin bai ɓoye yadda sojan Faransa ke azabtar da fursunoni da wutar lantarki da ruwa ba. Ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Venice, Faransa ta ƙi nuna shi sai 1971, a 2003 kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi lokacin suna cikin Iraƙi.

Na ƙarshe, dan naga ana min alamar lokaci, Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, 1988. Sojojin Afirka ne da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, aka dawo dasu sansani kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu na albashi, ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe musu wuta. Kakanninmu ma sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, amma ka kalli The Bridge on the River Kwai, fim ɗin yaƙin wannan yankin da ya kwashi kyautar Oscar 7, duk labarin fursunonin Turawa ne a hannun Japanawa.

Na Aljeriya da na Thiaroye ana Faransanci sosai a cikinsu, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram zasu fi mu jin daɗi, ku kuma ku nemi mai rubutun fassara a ƙasa. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙo masa makirfo.