Matar Vietnam da ta mayar da banki aljihunta

Aminu: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya kuke ta turo mana saƙo kan matar nan ta Vietnam, Truong My Lan. Yaya Bashir kuwa tun shigowarsa ya ƙi zama.

Bashir: Ina na ga ta zama! Mace ce fa da ta fara da sayar da kayan kwalliya a kasuwa tare da mahaifiyarta. Da gwamnatin kwaminis ta sakar wa 'yan kasuwa mara a 1986, sai ta faɗa harkar filaye da otal-otal, har kamfaninta Van Thinh Phat ya kama manyan gine-gine a tsakiyar birnin Ho Chi Minh. To da ta ga zaryar neman rance ta ishe ta, sai ta haɗiye wani banki ɗungurungum.

Zainab: Ba doka ne a garin?

Bashir: Akwai mana, Hajiya. Doka ta ce mutum ɗaya ba zai riƙe fiye da kashi 5 cikin ɗari na hannun jarin banki ba. Ita kuwa ta riƙe sama da kashi 90 na bankin Saigon Commercial Bank, wato SCB, da sunayen wasu. Daga 2012 zuwa 2022 rance sama da 2,500 aka zuba wa kamfanonin bogi nata, kusan kashi 93 na duk bashin da bankin ya bayar. Ita ce mai roƙo, ita ce mai bayarwa. Kotu ta ce ta wawure kimanin dala biliyan 12.5.

Zainab: To masu sa ido na babban banki fa?

Bashir: Kura aka ba wa ajiyar nama. Shugabar masu binciken an kai mata dala miliyan 5.2 a cikin akwatunan soso irin na ajiye ƙanƙara. Ɗaurin rai da rai aka yanke mata.

Aminu: Ni fa direban Truong My Lan ne ya tsaya min a rai.

Bashir: Kai dai bari! An ce cikin shekara uku shi ya yi jigilar tsabar kuɗinsu na Vietnam, wato dong, har tiriliyan 108 daga banki.

Aminu: Tsaya in buga a waya. Babbar takardarsu ta 500,000 ce, ko? Takarda miliyan 216 ke nan!

Zainab: Wannan ai ba direba ba ne, ɗan dako ne.

Aminu: Ghana-must-go nawa ke nan?

Bashir: Wace jaka? Sai dai tifa.

Aminu: Ka duba fa, ƙarshen wata ya zo yana sosa ƙeya: "Ranki ya daɗe, maganar ɗan ƙarin albashin nan..."

Zainab: Ta ce masa kasuwa ba ciniki.

Aminu: Ni da Allah ya ba ni aikin nan, bayana ne kawai zai yi ciwo.

Bashir: Da yanzu kai ma kana cikin shaidu 2,700 da aka kira kotu. Takardun shari'ar kaɗai tan shida ne.

Zainab: Yaya Bashir, abin da na so mu taɓa shi ne talakan da ya ajiye kuɗinsa. Da aka kama Truong My Lan a Oktoban 2022 ai layi mutane suka yi a ƙofar bankin suna neman nasu.

Bashir: Haka ne, dole babban banki ya karɓe ragamar SCB ya yi ta zuba kuɗi kada wutar ta kama sauran bankuna. Ita kuma aka yanke mata hukuncin kisa a Afrilun 2024, ta ɗaukaka ƙara aka tabbatar a Disamba. Sai a tsakiyar 2025 majalisarsu ta cire kisa daga hukuncin wawure dukiya, ta tsira da ranta. Shi yaƙin nan da rashawa da marigayi shugaban jam'iyyar kwaminis ta ƙasar, Nguyen Phu Trong, ya...

Aminu: Yaya, lokaci ya cinye mu, ga kiran Magariba can. Maganar masu ajiya sai mako mai zuwa, Hajiya.

Zainab: Haka kuka ce wancan karon.

Aminu: Mu kwana lafiya, jama'a.