Lambar da ke kan kwanson roba: me take tabbatar wa mai tara tsoffin kuɗi?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu, malamai, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

An ce in yi magana a kan tsoffin kuɗi, aninai da kwabbai da sulalla. Dalili kuwa kun san shi. Yaro zai ga hoto a Facebook, tsabar kuɗi guda cikin kwanson roba, da wata lamba a samanta, an ce an sayar da ita dubban daloli, sai ya ruga gida ya zazzage adakar kakarsa. To, wannan lambar nake so mu tsaya a kanta: wa ya sa ta, kuma nawa ne nauyinta.

Wani Ba'amurke, William Sheldon, shi ya fito da ma'aunin a 1949, daga 1 zuwa 70. Lamba 1 ita ce tsabar da ta suɗe har da ƙyar ake gane ta. 70 kuwa wadda ba a ga aibu ko ɗaya a jikinta ba. Daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba ne, yadda ya fito daga gidan bugawa. Shi Sheldon don tsoffin kwabban Amurka kaɗai ya yi abinsa, kuma lissafin farashi yake yi: mai lamba 70 ya ninka kuɗin mai lamba 1 sau saba'in. Wannan lissafin ya daɗe da rushewa, lambobin ne suka rage.

Matsalar da ta taso ita ce kowane dillali shi ke sa wa hajarsa lamba. Idan zai saya daga hannunka 55 ce, idan zai sayar wa wani ta zama 63. Saboda haka aka kafa kamfanonin da ba su saye ba su sayarwa, aikinsu tantancewa kawai. PCGS ya fara a 1986, NGC ya biyo baya a 1987, kuma su biyun ne manya har yau. Ka aika musu tsabarka, ƙwararru fiye da ɗaya su duba ba tare da sun san mai ita ba, su rufe ta cikin roba da lambar rajista. Dattawanmu na Gombe ba sai an yi musu dogon bayani ba, sun san fuloti: manomi ya kai audugarsa, ba shi ke faɗin lambarta ba, akwai mai dubawa, kuma abin da ya ce shi ke yanka farashi.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Wannan kwanson abu biyu yake faɗa maka, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko yana cewa tsabar ta gaske ce, ba jabu ba. A nan na yarda da su ƙwarai. Ana auna nauyi, ana auna faɗi, ana duba irin ƙarfen, ana kwatanta zanen da na asali. Waɗannan abubuwa ne da sikeli ke shaida, kuma manyan kamfanonin sun ɗauki alkawarin biyan diyya idan ta bayyana sun rufe jabu. Wanda zai sayi tsaba mai tsada daga mutumin da bai taɓa gani ba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Na biyu, wato lambar kanta, ra'ayi ne. Ra'ayin gwani ne, na'am, amma ido ne na ɗan Adam. Tsakanin 20 da 50 ba gardama, ko ni da ku za mu gane. Amma tsakanin 64 da 65 fa? Ɗan ƙarce a kumatun sarki, ƙyallin da ya fi na wancan kaɗan, abin da ya burge mai dubawa ran nan. Kuma wannan tazarar ta lamba ɗaya tana iya ninka farashi, wani lokaci fiye da sau biyu. Shi ya sa a can akwai masu sana'ar fasa kwanso: su sayi mai 64, su ciro ta, su sake aikawa, in ba a dace ba su sake, har Allah ya sa ta fito da 65. Idan da lambar kamar awon kilo take, ai da wannan sana'a ba ta ci ba. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da duba aikin waɗancan, ya manna koriyar alama a kan wanda ya gamsu da lambarsa. Kun ji fa, mai tantance masu tantancewa.

Kwanson ma ana yin jabunsa. Saboda haka duk wanda aka nuna wa irinsa, ya shiga shafin kamfanin a intanet, ya buga lambar rajistar, ya kwatanta hoton da abin da ke hannunsa. Masu jabu kan kwafi lambar gaske su manna, don haka hoton za ka ƙura wa ido.

To mu dawo kan abin da ke adakar kaka. Anini da kwabo masu huda an fara buga mana su a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyom ne, bai jure ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Sai kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, toro da sisi da sule da fataka, sannan naira da kwabo a 1973. Galibinsu miliyoyi aka buga, kuma sun sha hannu. Akwai wanda yake ruɗar mutane, kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a wannan shekarar. Labarinsa na da daɗi, amma an buga shi da yawa, ba shi da wuyar samu. Ladan dubawa da kuɗin aikawa Amurka ko Turai da inshora da na dawowa, idan ka haɗa gomman daloli ne a kan tsaba ɗaya. Ka juya shi zuwa naira, za ka ga jakin bai kai kuɗin taikin ba. Wanda ya cancanci wannan tafiyar shi ne mai shekarar da aka buga kaɗan, ko wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Kuma ku riƙa duba ɗan harafin nan, H ko KN, alamar gidajen bugawa biyu na Birmingham; shekara ɗaya ce amma farashi kan bambanta saboda shi.

Don Allah kuma, kada ku wanke. Mu a wurinmu ƙyalli shi ne kyau, sai mutum ya ɗauko toka da lemon tsami ya dirje. Toka tana cinye fatar ƙarfen, ta bar ƙananan layuka da mai dubawa zai gani nan take. Tsabar da aka goge ba a ba ta lamba, sai dai a rubuta ta gaske ce amma an taɓa ta, farashinta ya faɗi.

Wata baiwar Allah ta miƙo takarda tana tambaya a kan liyari na mahaifiyarta, mai shekarar 1780. Hajiya, azurfa ce mai kyau, amma wannan shekarar ba ita ce ranar haihuwarsa ba. Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda hotonta ke jikinsa, ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi. Idan kuma maƙeri ya huda shi ko ya liƙa masa kunne don ado, irin wanda matan Fulani ke sawa a kitso, to shi ma ba zai sami lamba ba. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Ki kai wa maƙerin farfaru ya ɗora a sikeli, a kan farashin azurfa za a yi ciniki. Akwai wata tambayar?