Firinta na bugawa amma sikana ta ɓace bayan an sake saka direba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau maganar firinta mai haɗe da sikana da fotokofi za mu yi, irin su Canon MF3010 da Epson L3110 ɗin nan da suka cika shagunan bizines santa. Jiya wani ɗan'uwa ya kawo min tasa, an yi wa kwamfutarsa fomat, ya jona wayar USB ta firintar, takarda na fita lafiya lau, amma sikana ya neme ta sama ko ƙasa ya rasa, ga ɗalibai sun yi layi da takardun makaranta, har ya fara maganar sayen sabuwa. Na ce masa malam dakata tukuna.

Abu na farko, ɗora takarda kan gilashi ka danna fotokofi a jikin injin. In ta fito to sikanar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin kwamfuta. Abin da ke faruwa shi ne, da ka jona waya Windows kan ɗauko ƙaramin direba da kanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, wanda sau da yawa bugawa kawai ya iya, shi kuma mutum yana ganin takarda ta fito sai ya ɗauka an gama, alhali rabin aiki aka yi.

To ga yadda za a gyara. Cire wayar USB tukuna. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta printui /s /t2, akwai tazara a tsakani fa. Ga jerin direbobi, zaɓi na firintarka, danna Remove, ka ɗauki wanda ya ce driver and driver package, don in ka bar fakejin gobe ma shi zai dawo. In ya ƙi, ya ce ana amfani da shi, cire firintar daga Settings, ka sake danna Windows tare da R ka rubuta services.msc, ka yi wa Print Spooler, mai kula da aikin bugawa, restart ka sake gwadawa.

Yanzu sai shafin kamfanin da ya ƙera ta, don Allah a daina ɗauko direba a shafukan da ba a san asalinsu ba, wallahi ƙwayar cuta ake kwasowa. Duba ko kwamfutarka 64-bit ce ko 32. Mai Canon ya sauke MFDrivers sannan ya ƙara da MF Toolbox, shi ne mai maɓallan sikanin. Mai Epson kuma direban bugawa daban, Epson Scan 2 daban, nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su saka ɗaya su manta ɗaya. Kuma kar ka jona waya sai manhajar ta ce jona.

An gama? Buɗe Device Manager ka nemi Imaging devices, in sunanta na nan alhamdulillahi. In tana nan amma ta ƙi aiki, koma services.msc ka nemo Windows Image Acquisition, mai kula da aikin sikana, ka tabbata yana Running.

Masu HP irin M428fdw da bugun gaba da bayan takarda ya ɓace musu bayan sake saka direba, ku shiga Printer properties, Device Settings, wajen Duplex ku mai da shi Installed. Ita MF3010 dama ba ta juya takarda da kanta, da hannu ake juyawa, kar ka wahalar da kanka nema. Daga nan sai ka ɗora takarda ka gwada sikanin, ka ga ko hoton zai fito.