Sarkin da bai taɓa ganin mutum-mutuminsa ba

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin teku ne, hular kaina ma da hannu nake riƙe da ita. Yau ga ni a Weymouth, wani gari a kudancin Ingila, yankin Dorset.

Bari in juyo muku da kyamara. Kun ga wancan mutumin a can sama, cikin alkyabba, zaki a gefe guda, doki mai ƙaho ɗaya a ɗaya gefen? Sarki George na Uku na Birtaniya ke nan. Kafin wani ya ce na zo kallon gunki, a'a, ba bauta masa ake yi ba. Tashar bas ce ma a gindinsa, mutane na ta wucewa ko ɗaga kai ba sa yi.

A 1789 ya fara zuwa garin nan, bayan ya tashi daga wata doguwar jinya, don ana ganin wankan ruwan teku magani ne. Sarki fa guda, a tura shi cikin ruwa a wani ɗan ɗakin katako mai ƙafafun keke, makaɗa na binsa da taken ƙasa! Ga kwafin ɗakin can an ajiye, zan matsa ku gani. To, inda sarki ya sa ƙafa ai nan fadawa da attajirai ke bi. Ya yi ta dawowa har 1805, gari ya cika ya batse, kasuwa ta buɗe. Shi ne mutanen gari suka kafa masa wannan, albarkacin shigarsa shekara ta 50 a kan gadon sarauta, aka buɗe shi a 1810. Abin tausayi, lokacin ido ya tafi, ciwo ya dawo, bai sake taka garin ba har ya rasu a 1820.

Fentin nan mai walƙiya, ja da shuɗi da ruwan zinariya, daga baya aka shafa, a 1949. Ni dai a ganina ya yi yawa, kamar kayan wasan yara. Amma yanzu yana mataki na ɗaya cikin abubuwan tarihin da doka ke karewa, ba mai sauya masa komai sai da izini.

Kai! Kun ga tsuntsun tekun nan? Wallahi ya wafce mini dankalin da na saya yanzu, ko ɗanɗanawa ban yi ba. Mu je wajen ɗakin katakon kafin ya kira 'yan'uwansa.