Yadda ake faɗin matakin ɗan judo, karate da tekwando da Turanci

Jama'a, idan za ku cike fom ɗin gasa ko ku gabatar da malaminku da Turanci, kada ku tsaya a kan "black belt" kawai. Wannan launin ɗamara ne, bai nuna inda mutum ya kai ba. Wanda ya ɗaura baƙar ɗamara bara da wanda ya shekara 30 da ita, duk sunan da za a kira su ke nan.

Matakan iri biyu ne, kyu na ɗalibai da dan na masu baƙar ɗamara, kuma daga Japan suka fito. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, shi ya aro tsarin daga wani wasan dara da ake kira go, ya ba ɗalibansa biyu matakin dan na farko a 1883. Karate ta bi sahu a 1924 ta hannun Gichin Funakoshi.

Na ɗalibai shi ne kyu, kuma ƙirgarsa baya-baya take tafiya. Mai "sixth kyu" yana ƙasa da mai "first kyu", wanda saura taki ɗaya ya ɗaura baƙa. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, don haka ku riƙe shi da kyau. Daga nan sai dan, shi kuma sama yake hawa. Lambar ce take zuwa gaba, cikin sigar jeri: "first dan", "second dan", "third dan". Ba a cewa "dan three". A Amurka an fi jin "third-degree black belt", ma'anar ɗaya ce. A ganina dan ya fi, don gajere ne kuma duk inda kuka je za a gane.

'Yan tekwando na Koriya suna cewa geup maimakon kyu. Yaron da ya kai matakin baƙar ɗamara amma bai kai shekara 15 ba kuma, Kukkiwon, babbar cibiyar tekwando ta Koriya, takardar matakin yara da ake kira poom take ba shi, sai ya girma a mayar da ita dan.

Jiu-jitsu na Brazil ba ruwansa da kyu. Launi ake faɗa, fari, shuɗi, shunayya, ruwan ƙasa, baƙi, sannan "degree".

Sensei fa? Lakabin girmamawa ne ga malami, ba mataki ba. Japanawa bayan suna suke sa shi, kuma mutum ba ya kiran kansa da shi. A fom, ku rubuta sunan wasan, lambar dan, da ƙungiyar da ta ba ku takardar, domin dan na biyu a judo daban yake da dan na biyu a karate.