Injin Stirling na gwangwani, kashi na biyu: lanƙwasa kiranshaf

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan karon mun yanke gwangwani, mun manna gwiwar fayif a gefensa, mun ɗaure balan-balan a bakinta, duk kun gani, ba sai na maimaita ba. Yau kiranshaf za mu lanƙwasa, wato wayar nan da ke juya komai. Kuma ita ce ta wahalar da ni har na kusa watsa kayan a shara.

Amma tukuna, wani ya aiko yana tambaya, wai shin wannan ne injin da ke aiki ba mai? A'a ɗan'uwa, yana da mai, kyandir ne mansa. Zafi yake ci. Wanda ya ƙirƙiro shi wani limamin coci ne a Sikotilan, Robert Stirling, ya yi rajistarsa a 1816, lokacin yana ɗan shekara 26 kacal. Dabarar ba wuya: iska ce a kulle cikin gwangwani, in ta sauka ƙasa wajen wuta ta kumbura, in ta hau sama wajen sanyi ta tsuke. Wannan dunƙulen soson ƙarfe da muka saka a ciki, aikinsa kora iskar sama da ƙasa, shi ke nan.

To, ga wayata. Ni na fi son wayar sifok ɗin keke, don ba ta da laushi, in ka lanƙwasa ta zauna. Wasu da wayar rataye kaya suke yi, tana yi, sai dai tana da taurin kai wajen miƙewa. Ku kama da filaya biyu, ba ɗaya ba.

Lanƙwasa biyu za mu yi, ta soso da ta balan-balan. Ku saurara da kyau a nan. Gwangwanina tsawon cikinsa santimita 9 ne, soson kuma 6, saura 3 ke nan na kai-komo. Ni da na fara, sai na ce to ai sarari 3 ne, bari in lanƙwasa 2 da rabi. Kuskure! Waya in ta juya, sau ɗaya tana sama, sau ɗaya tana ƙasa, saboda haka tafiyar ninki biyu ce. Ka lanƙwasa 2 da rabi, soso zai nemi tafiyar 5, ina zai same ta? Sai ka ji ƙwas, ya daki rufi, ya tsaya. Kwana uku ina zargin balan-balan, na canza guda huɗu, ashe lissafina ne. Don haka ta soso santimita 1 da ɗan ɗoriya, kada ta wuce 1.2. Ta balan-balan kuwa rabin santimita ta isa.

Sai kwanar da ke tsakanin lanƙwasa biyun. Lanƙwasa ta biyu ba gefe ɗaya za ta kalla da ta farko ba, ba kuma za ta ba ta baya ba. Digiri 90 ne tsakaninsu. Ku ɗaga wayar ku leƙa ta daga ƙarshenta kamar mai saita bindiga: in ta soso na nuna ƙarfe 12, ta balan-balan ta nuna ƙarfe 3. Bari in nuna muku… a'a, tsaya, wannan ta wuce, ta kusa ƙarfe 4. Bari in dawo da ita. Yauwa. Dalili kuwa, dole soso ya riga motsawa ya tura iska wajen zafi, sannan balan-balan ta kumbura ta tunkuɗa wayar. In suka tashi tare, ba mai tura wani.

Na zura ta cikin ramukan gwangwanin sama, na ɗaura zaren fatsa daga soso zuwa lanƙwasar. Faifan CD biyu na manna a ƙarshe don su riƙe juyin, kun san yadda ake yi. Ramin da zaren ya bi, da allura kawai za ku huda, in ya yi faɗi iska ta gudu. Ni ɗigon man keken ɗinki nake sa masa, ya toshe ya kuma sa santsi. 

Na zuba ruwan sanyi a gwangwanin da ya kewaye sama, na kunna kyandir. Kafin ya ɗau zafi, bari mu taɓa hira. Ni fa karanta tsofaffin takardun mallakar ƙirƙira ya zame mini jaraba. Ka shiga Google Patents, shafin intanet da ke tara irin waɗannan takardu, da dare, kafin ka farga asuba ta yi. Kariyar takardar shekara 20 ce, in ta ƙare kowa na iya ƙera abin. A nan na ci karo da bututun Nikola Tesla na 1920, wanda ruwa ke wucewa ta gefe ɗaya salin-alin, ta ɗaya gefen kuma ya sha wahala, alhali ba abin da ke motsi a cikinsa. Abin sha'awa ƙwarai.

Sai dai fa, samun takarda ba shi ne injin ya yi aiki ba. Stanley Meyer a Amurka yana da takardu, ya ce motarsa da ruwa take tafiya. A 1996 kotu a jihar Ohayo ta ce damfara ce, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu kuɗin da suka zuba. Tun 1775 ma majalisar masana kimiyya ta Faransa ta ce ta daina duba duk wani injin da aka ce yana juyawa har abada ba ci ba sha. Ni kaina na taɓa ɓata wata biyu a kan faifai mai maganaɗisu takwas. Ya juya kam, muddin yatsana na tura shi. Shi kuwa injin Stirling, kamfanin Philips na Holan ya yi shekaru yana aiki a kansa, yau ma akwai jiragen yaƙi masu nitso na Suwidin da ke amfani da shi saboda ba shi da ƙara.

To, ya yi zafi. Kafin ku tura faifai, ku yi wannan gwajin: ɗaga soso da hannu. Kun ga balan-balan ta taso? Na sake shi, ta lotsa. Alhamdu lillahi, ba yoyo. In taku ba ta motsa ba, ku bi bakin gam da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ramin.

Bari in ɗan tura… ya ƙi. Au, baya na tura, gefe ɗaya yake bi. Ga shi nan! Kuna jin ƙas-ƙas ɗin? Soso ne ke ɗan taɓa ƙasa, zan rage zaren kaɗan. Kada ku taɓa gindin gwangwanin, zai ƙona ku. In ruwan sanyin nan da muka zuba ya yi ɗumi za ku ga ya fara kasala, sai ku kwashe ku zuba sabo, ko ku jefa ƙanƙara. Bari in ɗauko tawa ku ga yadda zai ƙara gudu.